Ƙofar Gamji: Lambun Gwamnati da Ya Koma Hannun Talakawa

Baƙon da jirgin ƙasa ya sauke a Rigasa, ko motar haya ta ajiye shi a Kawo, in ya tare mai tasi ya ce a kai shi wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, ba mamaki direban ya yi jim, ya ce, "Ina ke nan, Alhaji?" Amma da ya ce Gamji Get, magana ta ƙare, sai cinikin kuɗin mota. Sunan farko na takarda ne. Na biyu shi ne na bakin jama'a, masu son gyara harshe kuma su ce Ƙofar Gamji. Akwai na uku da ya girme su duka, wanda yanzu sai tsofaffin ma'aikata da masu tonon fayil a gidan adana takardun tarihi na titin Yakubu Gowon ke tunawa da shi: Lambun Gwamnati.

Wurin yana gaɓar arewa ta Kogin Kaduna, ta wajen Kabala, ba nisa da Kwalejin Horar da 'Yan Sanda. Mutum na barin cunkoson titin Ahmadu Bello da ƙahon motoci da hayaƙinsu, cikin 'yan mintoci sai ya ji iska ta sauya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da kwalta ke tururi, mai sayar da ruwan sanyi ya fi mai sayar da shinkafa ciniki, wannan sauyin iska kaɗai ya isa ya biya kuɗin shiga. A ciki akwai manyan itatuwa masu inuwa, da filin zama, da lilon yara, da kejin dabbobi, da masu ɗaukar hoto da ke bin baƙo suna yi masa tayi. Can gefe kuma ga wata 'yar gada ta ƙarfe, tsawonta mita 14 da 'yan kai, faɗinta bai kai mita 2 ba. Yawancin masu zuwa sukan hau ta, su gyara hula ko mayafi, a ɗauke su hoto, su sauka, ba su san cewa gadar ta girmi garin da take cikinsa ba.

Labarinta ya faro ne a Zungeru, wadda tsofaffi ke kira Dungurum, a jihar Neja ta yau. Bayan Frederick Lugard ya yi shelar mulkin Ingila a kan Arewa a Lokoja ranar 1 ga Janairun 1900, ya ɗan zauna a Jebba, sannan a 1902 ya kafa hedkwata a Zungeru. Daga nan aka shirya rundunar da ta ci Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris. A 1904 aka kafa wannan gada a kan wani rafi, domin ta haɗa gidan Gwamna da sauran sassan barikin. A shekarar ce kuma, a garin, aka haifa wa wani akawu ɗan ƙabilar Ibo ɗa namiji, aka sa masa suna Nnamdi Azikiwe. Gadar da shugaban Najeriya na farko tsara ne, kuma 'yan gari ɗaya.

Zungeru ba ta karɓi Turawa ba. Zafi gare ta, ga sauro, ga zazzaɓi. Da Lugard ya dawo daga gwamnan Hong Kong a 1912 da aikin haɗe Kudu da Arewa, sai ya fara neman wani wurin. Hankalinsa ya tsaya a inda layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya tsallake Kogin Kaduna. Ga ruwan sha rani da damina, ga jirgin ƙasa, ga tudu mai ɗan sanyi. Sai kuma wani dalili da ya fi waɗannan nauyi a siyasa: wurin ba fadar kowane sarki ba ne. Ƙasar Zazzau ce, amma mazaunanta Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, a ƙananan ƙauyuka da suna irin Kurmin Gwari ke tuna mana da su har yau. A nan Gwamna zai iya kiran Sarkin Musulmi da Shehun Barno da Sarkin Kano su zo, ba tare da wani ya ji an kai shi gidan wani ba. Sojoji suka fara tarewa a 1913, ma'aikatan mulki suka biyo baya, zuwa 1917 Kaduna ta zama hedkwatar Arewa. Burin Lugard ma ya wuce haka, so ya yi ta zama babban birnin Najeriya baki ɗaya, sai magajinsa Hugh Clifford ya ƙi, ya tsaya a Legas. Kirarin da ya rage mata, garin gwamna, gaskiya ne tsantsa: gwamna ne ya zaɓi filin, gwamna ya shata tituna.

Barikin Zungeru kuwa ya zama kufai a hankali. Gadar ma daga baya aka kwance ta, aka kawo ta Kaduna, aka sake ɗaura ta a cikin lambun gwamnati. Abin sha'awa, kogin bai sauya ba, domin Zungeru ma a bakin Kogin Kaduna take. Gadar ta yi hijira ne daga ƙasan ruwa zuwa samansa.

To me ya sa gwamnatin da ke fama da ƙarancin kuɗi da ma'aikata ta damu da yin lambu? Amsar tana cikin yadda aka tsara garin. A 1897 wani likitan Ingila mai aiki a Indiya, Ronald Ross, ya tabbatar da cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Jami'an mulkin mallaka suka ɗauki wannan ilimi suka gina masa katanga: tunda ƙwayar cutar tana jinin 'yan ƙasa, musamman yara, to a nisanta gidan Bature da nasu. Dokar garuruwa ta 1917 da umarnin Lugard suka tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440, wato rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, ba gini, ba kwana. Shi ya sa Kaduna ta tashi a rarrabe: barikin soja daban, unguwar Turawa daban, Sabon Gari daban, Tudun Wada can bayan layin dogo. Irin waɗannan sarari da aka hana gini a kansu, a garuruwan mulkin mallaka da dama, su ne suka zama filin sukuwa da na folo da na golf da lambuna. Koren da ake yaba wa tsohuwar Kaduna da shi, wani ɓangarensa shinge ne da aka yi wa ado da furanni.

Sannan lambu al'adar daular ce. A Kalkata akwai shi tun 1787, a Singafo tun 1859, a Aburi ta ƙasar Gana tun 1890, Jamusawa ma sun yi nasu a Victoria ta Kamaru, wadda ake kira Limbe yanzu, a 1892. Wasu na gwajin irin shuka ne don kasuwa, kamar yadda lambun Singafo ya raini itacen roba har ya mamaye Malaya. Wasu kuma na hutun ma'aikata ne, inda Joji ko Razdan zai zo da yamma shi da uwargida su tuna gida. Na Kaduna ya fi kama da na biyun. Irin wannan son shuke-shuke ne ya jera maɗaci da mangwaro a bakin titunan tsohuwar unguwar Turawa, ya kuma yaɗa baƙin itatuwa irin darbejiya 'yar Indiya da turare ɗan Ostireliya, har yau yaro zai rantse cewa na gado ne.

Ga Bahaushen wancan zamani, abin da ban mamaki. Lambu a wurinsa wurin aiki ne: fadama, jigo, albasa, tumatir, rake. Ba a zuwa lambu don a zauna. Hutunsa yana ƙofar gida, a gindin durumi ko ceɗiya, a kan dakali ko buzu, inda majalisa ke haɗuwa bayan la'asar. Wasan yara da 'yammata yana dandali, da farin wata. Sarakuna kam suna da gidajen shan iska a bayan gari, kamar na Sarkin Kano a Fanisau da Ɗorayi, amma waɗannan ma gandu ne da gida, ba fili ne da aka share wa kowa da kowa ba. A kewaye ƙasa mai kyau a bakin ruwa, a dasa furen da ba a ci, a ɗauki lebura yana aske ciyawa maimakon a sako mata tumaki, wannan sai Bature. Talakan da ya fara shiga Lambun Gwamnati, da wuya in ba da lauje ko garwar ban ruwa ya shiga ba.

Shekarar 1956 ta zo wa Kaduna da abubuwa uku. A watan Fabrairu Sarauniya Elizabeth ta zo, aka yi mata hawan daba a filin sukuwa, wanda yanzu ake kira Dandalin Murtala, sarakunan Arewa suka taru da dubban dawaki. A shekarar aka yi dokar da ta cire Kaduna daga Lardin Zazzau ta zama yankin babban birni mai cin gashin kansa. A cikin watan Fabrairun nan kuma hukumar kula da kayan tarihi ta sa gadar Lugard cikin jerin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare. Wato Turawa na shirin naɗe tabarma, suka tabbatar an adana ɗan ƙarfen da ke tuna farkon zuwansu. Ana iya yi wa wannan fassara iri-iri. Amma ko wanda ba ya ƙaunar Lugard, kuma yana da hujja, zai yarda cewa gara gadar tana nan a nuna wa yara a ce ga abin da aka taka aka mallake mu, da a ce 'yan gwangwan sun kai ta sikeli.

Lokacin kuwa mulki ya riga ya fara komawa hannun 'yan ƙasa. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris 1959. Gidajen unguwar Turawa suka koma na ministoci da manyan sakatarori. Masaƙar Kaduna ta buɗe a Kakuri a 1957, wasu suka biyo ta, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga kowane lardi: Tibi, Idoma, Igala, Nufawa, Barebari, Yarabawan Ilori da Kabba, Bajju da Atyap da Ham daga kudancin Zazzau. Wannan sabon jinsi na ma'aikacin albashi, mai hutun ƙarshen mako, mai keke ko Vespa, mai budurwa a makarantar koyon jinya, shi ne ya koya wa Arewa fita shaƙatawa. Ba shi da gindin durumin kakansa a Kaduna. Ɗaki ɗaya yake haya a Unguwar Shanu ko Kakuri, ga zafin kwano. Lambun da aka yi don Bature ya zo masa daidai.

Sunan Gamji daga Sardauna ya samo asali, domin laƙabinsa ke nan. Wanda ya san itacen zai gane dalili. Gamji ɗan'uwan durumi da ceɗiya da ɓaure ne, sai dai ya fi su faɗin ganye da girman jiki, ɓawonsa ja-ja, inuwarsa ta isa kasuwar ƙauye. Yana fitar da danƙo, wanda yara ke ɗana wa tsuntsu, wanda kuma a farkon zamanin Turawa aka riƙa saye ana fitarwa waje da sunan jar robar Kano. Masu magani na amfani da sassaƙensa. Akwai kuma wani halin nasa da maroƙa ba su cika faɗa ba: sau da yawa a jikin wani itace yake tsirowa, ya sako saiwa ƙasa, ya yi ƙarfi, har ya shafe wanda ya ɗauke shi. Jam'iyyun adawa na wancan lokaci, irin NEPU ta Malam Aminu Kano, da an tambaye su, da wataƙila wannan fassarar za su zaɓa.

Daren 15 ga Janairun 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kashe Sardauna a gidansa, tare da matarsa Hafsatu. Nzeogwu haifaffen garin ne, Hausa a bakinsa kamar ta gado, har sunan Kaduna ake haɗa masa da shi. Wanda Janar Ironsi ya naɗa gwamnan soja na Arewa bayan wannan dare shi ne Hassan Usman Katsina, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, jikan Sarki Dikko, wanda ya yi Barewa ya yi Sandhurst, a lokacin yana da shekara 32. An haife shi a 1933, shekara ɗaya da takwaransa na Gabas, Odumegwu Ojukwu, wanda shi kuma, ikon Allah, a Zungeru aka haife shi. Hassan ya riƙe Arewa a watanni mafi tsanani a tarihinta, har Gowon ya raba ƙasar jihohi 12 a watan Mayun 1967, sannan ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa a tsakiyar yaƙin basasa. Ciroman Katsina ne, gwanin folo kamar mahaifinsa, kuma a Kaduna ya yi zaman ritaya, ƙofarsa a buɗe ga masu neman alfarma, har ya rasu ranar 24 ga Yulin 1995. Sa wa lambun sunansa karramawa ce da ta dace. Sai dai bakin mutane ya riga ya saba, kuma Gamji ya fi sauƙin faɗa ga yaron mota.

Haka fili guda ya tattara masu mulkin Arewa uku a jere: Bature mai gada, Firimiya mai ƙofa, soja mai allon suna. Gidan Arewa da ke riƙe da kayan Sardauna, da zauren Lugard inda majalisa ke zama, da gidan tarihin titin Ali Akilu da aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, duk sun fi lambun tsari da bayani. Amma su sai ɗalibi da mai bincike. Nan kuwa mai sayar da awara ma tana shiga.

Sai batun kada. Bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne sunan garin daga kadduna ya fito, jam'in kada, saboda yawansu a kogin. Gbagyi kuma suna da nasu, cewa daga kalmarsu ta kogi ne. Ko wanne aka ɗauka, kada ya zama tambarin gari, yana jikin alluna da sunayen kulob da shaguna. Amma yaron da aka haifa a Unguwar Rimi ko Malali yau, in dai ya taɓa ganin kada da idonsa, to akwai alamar a kejin Gamji ya gan shi, kwance a ɗan kududdufin siminti, baki buɗe, yara na jifansa da ɓawon gyaɗa don ya motsa. Kogin yana nan, tafiyar kusan kilomita 550 daga tsaunukan Jos har ya faɗa Kogin Kwara, yana juya injinan lantarki a Shiroro da Zungeru. Masu sunan ne suka ja da baya, suka bar wa masu ɗiban yashi da masu wankin mota da bututun dattin masana'antu.

Ɓangaren dabbobin nan shi ne ya taɓa jawo wa wurin abin kunya. A wajen farkon 2021 hotunan wani zaki da yunwa ta rame, haƙarƙarinsa a waje, suka bazu a intanet, jaridun Turai suka ɗauka, wata ƙungiyar kare dabbobi ta ƙasar Jamus ta shigo cikin maganar. Mutanen Kaduna da yawa a waya suka fara ganin abin da ke bayan gidansu. Ciyar da zaki ba wasa ba ne, nama yake ci kullum, ba ya jiran a saki kuɗin kasafi. Gidan zu na Audu Bako a Kano da na Jos, waɗanda aka gina don wannan aiki musamman, su ma suna kokawa, balle lambun da aka raɓa masa keji daga baya. Hukuncin mai hankali a nan ba shi da wuya: abin da ba za a iya ciyarwa ba, kada a kulle shi. Kunkuru da jimina da birai sun ishi yara murna.

Darajar Gamji ta gaske ba a keji take ba, kuma sai bayan shekarar 2000 ta fito fili. A watan Fabrairu da Mayu na shekarar rikicin shari'a ya ci rayuka fiye da 1,000 a Kaduna. A Nuwamban 2002 na gasar sarauniyar kyau ya ci fiye da 200. Bayan ƙura ta lafa sai aka shiga ƙaura. Kirista ya sayar da gidansa na Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo ya tsallaka Sabon Tasha da Television da Narayi da Romi. Musulmi ya bar nasa na can ya dawo arewa. Kogin da Lugard ya zaɓa don ruwan sha ya zama iyaka, har masu barkwanci mai ɗaci suka riƙa kiran wannan gefe Makka, wancan Kudus. An haifi yara, sun girma, sun gama sakandare, ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Garin da aka fara shi da rabuwar fari da baƙi ya sake rabuwa, wannan karon da hannun 'ya'yansa.

Wuraren da suka rage ana cuɗanya ba su da yawa: sakatariya, babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, filin wasa na Ahmadu Bello, asibiti, sai irin su Gamji. A kasuwa da ofis dole ce ke haɗa mutane. A lambu kuwa kowa da ƙafarsa ya zo, da kuɗinsa, da iyalinsa.

Wanda ke son ganin haka ya zo washegarin Sallah. Tun hantsi layi ke miƙewa a bakin ƙofa. 'Yammata da lalle har gwiwar hannu, anko iri ɗaya su biyar su shida, samari da shadda mai sheƙi wadda ko karin guga bai baje ba, ƙananan yara da tabarau na roba da bindigar ruwa, kowa na damƙe da barka da Sallar da ya tara. Ga mai tsire, ga mai gurasa, ga zoɓo da kunun aya a cikin kula, ga mai alawar auduga. Uwa na ƙwala wa ɗa kira, yaya na riƙe da hannun ƙanne uku, an ce masa in ɗaya ya ɓace kada ya dawo gida. Ranar Kirsimeti da washegarinta da sabuwar shekara sai hoton ya juya: motoci daga ƙetaren kogi, 'yan kwaya da kayan coci, iyalai da kulolin shinkafa da kaza. Masu lilo da masu hoto da masu tsire su ne dai na ranar Sallah, ba sa tambayar kowa sunansa. Kuma a kowane biki akan sami 'yan ɗaya ɓangaren sun biyo abokai. A sauran ranaku wurin na 'yan makaranta ne da malamansu suka kawo yawon buɗe ido, da masu shirin aure da ke ɗaukar hoton kafin biki, da saurayi da budurwar da suka zauna nesa-nesa da juna a benci ɗaya, suna kallon ruwa.

Ruwan nan kuwa ba kullum yake da ladabi ba. Da rani duwatsun tsakiyar kogin a waje suke, har mutum ya raina shi. A watan Agusta da Satumba sai ya cika ya yi ja, ya tuna tsohuwar hanyarsa. Ambaliyar 2003 ta raba dubban mutane da gidajensu a garin, ta 2012 ma ta yi ɓarna, kuma unguwannin da aka gina a bakin ruwa, irin ƙarshen titin Kigo da sassan Kabala da Unguwar Rimi, kusan kowace damina suna cikin zullumi. A nan lambun yana wani aiki da ba a biyansa: fili mai ciyawa da itatuwa in ruwa ya hau shi, kwana kaɗan ya janye, a share laka a ci gaba. In gidaje ne a wurin, sai an kafa kwamitin rabon tabarma da buhun masara.

Barazanar da ta fi ruwa ita ce ta mai takardar fili. Lokacin da Max Lock, masanin tsara birane ɗan Ingila, ya fitar da taswirar Kaduna a 1967, wadda ta hango garin har zuwa 2017, mutanen garin ba su wuce 150,000 da yawa ba. Yau sun haura miliyan nesa ba kusa ba, kuma kowane taku na ƙasa a tsohuwar unguwar Turawa kuɗi ne mai nauyi. Manyan filayen gidajen da, masu mangwaro goma goma, an yanka su an jera benaye. Aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna, ya sake gina gadar sama ta Kawo, ya sake fasalin Dandalin Murtala, amma ya ci tsofaffin itatuwan bakin hanya da dama, waɗanda sai an shekara hamsin kafin a mayar da irinsu. A Legas, lambun Ikoyi da Turawa suka bari yanzu rukunin gidajen attajirai ne mai suna Parkview, sunan kawai ya rage. A Nairobi, a 1989, gwamnati ta so ta gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru, sai da Wangari Maathai ta tsaya kai da fata, ta sha zagi a majalisa, kafin aka fasa. Abuja kuwa sai a 2003 ta buɗe lambun Millennium, da kuɗi masu yawa, don ta sami abin da Kaduna ta gada a kyauta. Gemun maƙwabci ya riga ya kama da wuta.

Ba sai an sayar da wuri ake rasa shi ba. Ana iya cika shi da rumfunan biki da shagunan haya da wurin ajiye motoci, kaɗan-kaɗan, har a wayi gari babu inda za a shimfiɗa tabarma. Ana kuma iya gyara shi ya yi kyau, a sa kuɗin shiga da mai 'ya'ya shida daga Badarawa ba zai iya biya ba, shinge na yadi 440 ya dawo ke nan ta ƙofar aljihu. Abin da ake roƙon gwamnatin jiha da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa bai fi ƙarfinsu ba: a bar filin yadda yake da faɗinsa, a riƙa dasa gamji da maɗaci da ɗorawa a gurbin duk itacen da ya faɗi, a kula da fentin gadar da katakonta, a kuma rubuta labarinta da Hausa da Gbagyi da Turanci a inda yaro zai iya karantawa.

Baƙon da ke son ganin wurin a natse ya zo da safe a ranar aiki, a watan Oktoba ko Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, ciyawa na kore, hazon hunturu bai sauko ba tukuna. Ya tambayi masu gadi inda gadar Lugard take, ya taka ta daga wannan kai zuwa wancan, taku ashirin ne ko ƙasa da haka. A 2017 Kaduna ta yi bikin cika shekara 100 da hawan daba a Dandalin Murtala. Gadar kuwa a 2024 ta cika 120.